Ciwon Haƙarƙari: Hutun Kwana Uku Ya Fi Jinyar Wata Biyu

Kowace shekara, da zarar ruwan shuka ya sauka manoma suka duƙufa ga aiki, akwai wani ciwo da yakan bi ƙauyuka gida gida. Ba ya kwantar da mutum ran farko, ba ya kawo zazzaɓi, ba ya fid da jini ko kumburin da ido zai gani. Sai dai a ga ƙato yana cikin huɗa ya tsaya cak, ya dafe gefen ƙirjinsa, ya cije leɓe. In ɗansa ya ce, "Baba, lafiya?" sai ya ce, "Ba kome, haƙarƙari ne ya ɗan riƙe ni." Ya sake duƙawa. Bayan mako guda sai a tarad da shi zaune a gindin bishiya, ko tari ba ya iya yi sai ya rungume kansa, ciyawa kuwa tana can tana cin gonarsa.

Wannan ciwo shi ne abin da filin manoma zai duba a wannan mako. Maganar kuwa guda ɗaya ce. Manomin da tsokar haƙarƙarinsa ta motsu, in ya ajiye garma kwana 2 ko 3 tun da fari, ya ci riba. In ya danne ciwon da ƙwaya ya ci gaba da aiki, galibi hasara biyu zai yi, ta jiki da ta gona. Samun wannan hutu kuwa ya fi ƙarfin mai ciwo shi kaɗai, tilas sai maigida da 'yan'uwa da maƙwabta sun sa hannu.

YADDA ƘIRJI YAKE

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya ga awazar rago, ya san akwai wani jan nama marar kauri tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa. To, haka yake a jikin ɗan Adam. Mutum yana da ƙashin haƙarƙari 12 a dama, 12 a hagu, watau 24 ke nan. Tsakaninsu akwai fili 11 a kowane gefe, kowane fili kuwa tsoka ce ta cike shi, hawa uku, zaren wannan ya gitta na wancan kamar saƙar zana.

Aikin waɗannan tsokoki iri biyu ne. Na farko, suna taimakawa wajen buɗe ƙirji da rufe shi, kamar zugazugin maƙeri, domin iska ta shiga huhu ta fita. Na biyu, su ke riƙe ƙasusuwan kada su yi ta wasa sa'ad da mutum ya juya, ko ya miƙa hannu, ko ya yi nishi zai ɗaga kaya. Babban mutum mai lafiya yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. In an yi lissafi, wajen sau 20,000 ke nan a kwana ɗaya.

A nan wahalar take. Wanda ya yi targaɗe a ƙafa yana iya ɗora ta bisa matashi ya bar ta. Wanda hannunsa ya goce yana iya rataye shi a wuya. Amma tsokar haƙarƙari ba ta da ranar hutu, ko mutum yana barci tana aiki. Saboda haka iyakar sauƙin da mai ita zai iya yi mata shi ne ya ɗauke mata aikin ƙarfi, ya bar ta da numfashi kaɗai.

Abin da ke faruwa sa'ad da ta motsu kuwa daidai yake da igiyar rama da aka ja fiye da ƙarfinta. Da fari sili kaɗan ne ke tsinkewa, igiyar tana nan tana riƙe kaya. In an sauke kayan, jiki da kansa yakan ɗinke wurin cikin 'yan kwanaki zuwa mako 2 ko 3. In an ci gaba da ja, sili da yawa su tsinke, jinya ta koma ta mako 3 zuwa 7. In kuwa tsokar ta yage sosai, sai a yi watanni ana fama.

INDA MANOMI KE GAMUWA DA SHI

Kusan dukan aikin na duƙe juye-juye ne da ɗaga nauyi. Mai huɗa da garmar hannu yana kafta ƙasa, ya ɗago ta, ya juya ya kifa ta gefe guda, tun safe har azahar, kuma ko yaushe gefe ɗaya yake juyawa. Mai sassabe yana ɗaga gatari sama da kansa. Mai riƙon garmar shanu, in bakinta ya ci karo da kututture ko saiwa, sai ta fizge shi ba shiri. Da kaka ga cilla dami bisa mota ko cikin rumbu. Mai lambu kuwa ga jan jigo, ko fizgar igiyar injin ban ruwa da ya ƙi tashi, sau goma sau ashirin. Mata ma ba su tsira ba, gama daka da sussuka da jan guga a rijiya mai zurfi duk tsokar nan suke ci. Har tari mai tsanani na lokacin hunturu yana iya yaga ta, mutum yana kwance bisa gadonsa.

Amma babban dalilin da ya sa ciwon ya fi yawa a farkon damina shi ne wannan: jiki ya daɗe bai yi aikin ba. Tun daga ƙarshen kaka manomi da yawa ba su sake taɓa hauya ba. Wani ya tafi cin rani birni yana tsaron tebur, wani yana bisa babur, wani yana zaune a inuwa yana saƙar hula. Ran da ruwa ya sauka sai kowa ya ɗauki garma, yana so ya yi aikin mako a yini ɗaya.

Abin mamaki, wannan manomin da kansa ba ya yi wa shanunsa haka. Tun kafin damina yakan ware musu harawa da dusa da kanwa. Yakan ɗaura musu karkiya su ɗan zaga, don wuyansu ya saba. Ran huɗa da sassafe zai fita da su, rana na yin zafi ya kwance su ya kai su inuwa. In ya ga ɗaya yana ɗingishi, nan take zai cire shi daga aiki, zama ya san kuɗin da ya saye shi. Ashe san huɗa ya fi mai shi gata. Alhali kuwa in sa ya kwanta ana iya aron na maƙwabci, in maigida ya kwanta ba inda za a aro wani.

Sai kuma maganar buhu. Buhun taki kilo 50 ne, amma buhun masara ko gero ko dawa kilo 100 ne, in ma ba a yi masa toliya ba. Tun a shekarar 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada namiji baligi ya ɗauki kayan da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Buhun hatsi ya kusa ninka wannan. Duk da haka a kowace kasuwar hatsi sai a ga samari suna gasar wanda zai sunkuci buhu shi ɗaya ya jefa a mota, ana yi masa kirari. Kirarin na minti guda ne, ciwon kuwa shi kaɗai zai kwana da shi.

SUNA ƊAYA, CUTA DABAN DABAN

Kafin a yi zancen magani akwai abin da ya wajaba kowa ya sani. Bahaushe yakan ce "ciwon haƙarƙari" ga duk abin da ya soke shi a gefen ƙirji, alhali kuwa cututtuka da dama ne suka taru ƙarƙashin wannan suna, waɗansunsu masu kisa ne.

Ciwon tsoka yana da alamunsa. Mai shi yakan tuna aikin da yake yi sa'ad da abin ya kama shi, ko kuwa ya tashi da shi washegarin aiki mai tsanani. Yana iya nuna wurin da yatsa, in an danna kuma ya ji zafi. Zafin yakan ƙaru in ya juya, ko ya ɗaga hannu, ko ya yi tari ko atishawa ko dariya, ko ya ja dogon numfashi. In ya zauna shiru yakan lafa. Ba zazzaɓi, ba kaki, yana cin tuwonsa kamar kullum.

Amma ga waɗanda ba a zama da su a gida:

In ciwon ya zo da zazzaɓi da tari da kaki da haki, mai yiwuwa limoniya ce, watau sanyin haƙarƙari. Wannan cutar huhu ce, ba gashi ko tausa da zai warkar da ita.

In tari ya kai mako 2, mutum yana ramewa, yana zufa da dare, ko yana ganin jini cikin kaki, a je a gwada kakin don tarin fuka. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a duniya. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin Gwamnati da aka keɓe don haka, ana shan maganin wata 6, kuma ana warkewa. Wanda ya yi ta cewa tsoka ce, shi ne ke shafa wa 'ya'yansa da matansa.

In mutum ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a tsakiyar ƙirji, zafin yana tafiya zuwa hannu ko wuya ko muƙamuƙi, ga zufa mai sanyi, ga numfashi na sarƙewa, wannan alamar zuciya ce. Ba a jiran gari ya waye. Dattijo, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari, kowane irin sabon ciwon ƙirji ya same su, gara su bari malamin asibiti ya duba.

In sa ne ya tunkuyi mutum, ko jaki ya harbe shi, ko ya faɗo daga itace ko daga babur, ƙashi na iya tsagewa ko karyewa, bakin ƙashin kuma yana iya huda huhu. In bugun a ƙasan haƙarƙarin hagu ne, sa'an nan jiri ya biyo baya, ciki yana ciwo, to a ji tsoron saifa ce ta fashe tana zub da jini a ciki, tun ba ga wanda zazzaɓin cizon sauro ya kumbura masa ita ba.

Haka kuma ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama tare da idanu sun yi rawaya yana nuna hanta. Zafi kamar wuta a gefe guda, bayan 'yan kwanaki ƙuraje masu ruwa su fito a jere kamar ɗamara, wannan cutar jijiya ce, tana da nata magani. Mai amosanin jini, watau sikila, in ƙirjinsa ya kama ciwo, a kai shi asibiti nan da nan.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, zancen hutun kwana 3 bai shafe shi ba. Nasa hanyar asibiti ce.

ƘWAYA MAI RUFE BAKIN JIKI

An ce jiki magayi. Zafi shi ne muryarsa, da shi yake cewa a sauke kaya. To, abin da ya zama ruwan dare a karkara yanzu shi ne toshe masa baki. Ran kasuwa ga mai tallar magani da tirensa, yana ƙulla ƙwayoyi 4 ko 5 a leda, ja da fari da rawaya, ba suna ba takarda, ya ce maganin gajiya ne. Manomi ya haɗiye da koko, zafi ya ɓace, ya koma kunya yana murna. Tsokar kuwa tana nan a yage, kuma yanzu ba abin da zai gaya masa ya dakata. Da yamma in ƙwayar ta sake shi sai ciwon ya dawo ya ninka, gobe ya sha biyu.

Mafi muni cikin waɗannan ita ce tiramadol, wadda samari ke kira tiramol. Magani ne na gaske, likitoci suna ba da shi ga mai ciwo mai tsanani, amma dangin su kodin ne, jiki yana sabawa da shi har ya kasa rabuwa. Hukumar NAFDAC ta yarda da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, shi ma sai da takardar likita. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa ana sayarwa a ɓoye kuwa yakan kai 200 ko 225. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 4 da dubu 600 a Nijeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Ba duka ne 'yan iskan gari ba. Akwai masu neman halaliyarsu da suka fara sha don su iya gama aikin yini, yau ga shi ba su iya tashi daga shimfiɗa sai da ita. Yawan shanta yana kawo faɗuwa da jijjiga kamar farfaɗiya, yana kuma iya tsai da numfashi.

Su ma ibufurofen da dikulofenak, ko da yake suna rage zafin tsoka, ba abin sha ba ne kullum kamar goro. Suna cin bangon ciki su kawo gyambo, suna kuma taɓa ƙoda, balle ga wanda ya yini cikin rana yana zufa bai sha ruwa isasshe ba. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, kada su sha sai malamin asibiti ya ce. Ledar nan marar suna kuwa ba wanda ya san ko iri biyu ne na abu ɗaya aka haɗa masa a ciki. Garin neman gira kada a rasa ido.

WANZAMI DA ƊAURI

Waɗansu kuma wurin wanzami suke zuwa a yi musu ƙaho ko tsaga, a ce an fid da mugun jini. Wanzamai mutanen kirki ne, sun daɗe suna yi wa jama'a hidima. Amma gaskiya ita ce tsokar da ta yage tana can ƙarƙashin fata tsakanin ƙasusuwa, jinin da aka zuƙo a bisa bai ɗinke ta ba. An dai ƙara wa mutum sabon rauni a inda zufa da ƙasar gona za su shiga. In kuma askar da aka yi wa wani ce ba a dafa ta ba, ana iya ɗaukar ciwon hanta da ita.

Akwai kuma al'adar ɗaure ƙirji tamau da rawani ko zane. Ko a asibiti dā ana yin haka ga mai karayar haƙarƙari, amma likitoci sun bari. Dalili kuwa, ƙirjin da aka ɗaure ba ya buɗewa sosai, kaki ya taru a gindin huhu, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Mutum ya fara da ciwon tsoka ya ƙare da limoniya.

ABIN DA YA KAMATA A YI

In alamun sun nuna tsoka ce kaɗai, ga hanya, ba ta kuwa da tsada.

A ajiye garma a wannan sa'a, kada a ce bari a ƙarasa kunya. Kwana 2 na farko a riƙa sa sanyi a wurin: ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle in akwai, in babu a jiƙa ƙyalle da ruwan randa, minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a yini. Daga kwana na uku a koma gashi da ruwan ɗumi. Shafa man kaɗanya a hankali ba laifi, amma ban da murza ta ƙarfi, ban da taka mutum da ƙafa.

Don rage zafi farasitamol ya isa ga yawancin mutane. Babba yana shan ƙwaya 2 masu miligiram 500, ya bar aƙalla awa 4 tsakani, kada ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Amfaninsa shi ne mutum ya sami barci ya kuma iya numfashi sosai. Ba izinin komawa huɗa ba ne.

Kowace awa in yana farke ya ja dogon numfashi a hankali kamar sau 10, ko da akwai ɗan zafi, don huhu ya buɗe. In tari ya zo kada ya danne shi, ya rungumi matashi a gefen da ke ciwo ya yi tarinsa. Daren farko da na biyu kwanciya a jingine ta fi sauƙi. Kada kuma ya yini kwance, ya riƙa ɗan zagawa.

Bayan kwana 3 sai aiki marar nauyi. Ga ɓarar gyaɗar iri, ga bin mai sungumi ana zuba iri, ga kai wa ma'aikata ruwa, ga duban 'yan ƙwadago. Ranar komawa garma ita ce ranar da zai ja numfashi ya cika ƙirji, ya ɗaga hannu biyu sama, ya juya dama da hagu, bai ji suka ba. Ran nan ma rabin yini zai yi. In an yi mako 2 ba sauƙi, ko ciwon yana ƙaruwa, ko zazzaɓi ya shigo, a tafi asibiti.

DAMINA BA TA JIRA

Lalle wani zai ce, "Wannan zancen mai albashi ne. Ciyawa ba ta san hutu ba. Wanda ya kwanta kwana 3 a watan shuka, me zai sa a rumbu?" Wannan magana tana da nauyi, ba a kuwa raina ta. Amma a yi lissafi.

A ɗauki misalin maƙwabta biyu da ciwon ya kama rana ɗaya, ran da suka gama shuka. Na farko ya huta kwana 3, ya yi mako guda yana ƙananan ayyuka. Noman firi yakan zo ne mako 2 zuwa 3 bayan shuka, ga shi kuwa ya miƙe daidai lokacin. Na biyu ya sha ƙwaya ya ci gaba, ƙaramin yagewa ya zama babba, ya shiga jinyar mako 6. Damina a ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato ba ta wuce wata 4 da wani abin kirki ba. Mako 6 ya fi sulusinta. Firi ya wuce shi, maimai ya wuce shi, lokacin sa taki ya wuce. Sai ya sayar da akuya ko ya ci bashi ya ɗauki 'yan ƙwadago, ga kuɗin ƙwaya da ya riga ya kashe. Kwana 3 da ya yi ƙyashinsu, ya biya su da kwana 40.

Wanda abin ya fi yi wa tsanani shi ne ɗan ƙwadago mai aikin jinga, wanda in bai fita yau ba gidansa ba a ɗora tukunya. Shi ne kuma babban mai cinikin ledar ƙwaya. A nan nauyi yana kan masu manyan gonaki. Wanda ya ga yaron da ke masa aiki shekara da shekaru yana dafe gefe, ya kamata ya ce, "Kai, ajiye garman nan, je ka tsare mini iri da taki, kuɗinka na nan." Ba sadaka ba ce kawai, gama ma'aikacin da ya warke shi ne zai yi masa girbi. Mai gonar da ke saya wa 'yan aikinsa ƙwaya don su gama da wuri kuwa, ya sani yana cin lafiyar 'ya'yan mutane ne.

A cikin gandu ma haka ne. Maigida shi ke raba aiki, shi ya kamata ya lura da wanda ke numfashi rabi rabi. Ya daina kiran saurayi rago don ya ce gefensa na ciwo. Matar da haƙarƙari ya kama, a ɗauke mata turmi da guga na mako guda, a kai hatsin inji, yara su ɗebo ruwa. Shi kansa maigidan in abin ya zo kansa, ya ji maganar iyalinsa in sun ce, "Malam, yau dai ka zauna."

Sa'an nan ga gayya, wadda kakanni suka bari, yanzu tana neman mutuwa a wurare da yawa saboda kome ya koma kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Samari 10 suna iya nome gonar marar lafiya a safiya ɗaya, ladansu fura da tuwo da sanin cewa ran da nasu ya zo za a yi musu. Ƙungiyoyin manoma da ke taruwa don neman taki da bashi, ya kyautu su sa wannan cikin dokokinsu: ɗan ƙungiya in ya kwanta da damina, gonarsa ta zama ta kowa har ya tashi. Masu unguwanni da dagatai in sun ba da goyon baya, abin ba zai gagara ba.

TUN KAFIN A KAI GA CIWO

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako 2 ko 3 kafin ruwan shuka manomi ya fara motsa jikinsa da sharar gona da kai taki, awa 1 yau, awa 2 gobe, yadda yake yi wa shanunsa. Kowace safiya ya fara da aiki mai sauƙi har jiki ya yi ɗumi. A kai garma da fartanya da gatari wurin maƙeri ya gyara bakinsu, gama dakusasshen ƙarfe ƙarfin mutum yake ci. A duba ƙota ta yi daidai da tsawon mai ita. Kada a yi huɗa a busasshiyar ƙasa don gaggawa. Mai huɗa ya riƙa sauya gefen da yake kifa ƙasa, ya kuma miƙe ya sha ruwa lokaci lokaci.

Wajen ɗaga kaya a durƙusa da gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki, in za a juya a juya da ƙafa, kada a murɗa ƙugu da nauyi a hannu. Buhun kilo 100 na mutum biyu ne, ko a raba shi gida biyu, ko a sa shi a baro ko amalanke. Injin ban ruwa da ya ƙi tashi a ja uku ko huɗu, makanike yake so. Mai shan taba kuma ya sani tarin da take sa shi yana hana tsokar nan ɗinkewa.

Manomi yana lissafin iri da taki da shanu cikin jarinsa, ya manta da ƙirjin da ke ɗauke da su duka. Bana dai kowane maigida ya sa ido. Wanda ya dafe gefe a gona a karɓi garmarsa, a duba alamun da aka zana a sama. In na asibiti ne a kai shi ran nan, in na tsoka ne a ba shi kwanakinsa 3, 'yan'uwa su riƙe masa kunyarsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba da lafiya da damina mai albarka, amin.